Bayan Cin Gasar Waƙa: Yadda Mawaƙi Zai Mayar da Kambunsa Sana'a Mai Ɗorewa

Wanda ya ci gasar waƙa ta talabijin yakan sauko daga dandamali da kyautar kuɗi ko mota, da alƙawarin yarjejeniya da wani kamfanin waƙoƙi, da kuma ɗimbin jama'ar da suka san fuskarsa da muryarsa. A cikin waɗannan babu abin da ya kai jama'ar daraja, kuma babu abin da ya kai su saurin watsewa, domin mutanen da suka yi makonni suna jefa masa ƙuri'a ta waya masu kallon shirin ne tun kafin su zama masoyansa, kuma da zarar an buɗe sabon zango a shekara mai zuwa hankalinsu zai koma kan sababbin fuskoki. Saboda haka aikin da ke gaban zakaran gasa, namiji ne ko mace, shi ne ya mallaki waƙa tasa ta kansa da masu sauraro nasa na kansa kafin wannan aron da talabijin ta ba shi ya ƙare.

Rayuwar Yemi Alade, mawaƙiyar Najeriya, ta isa a yi nazari a kanta a nan. An haife ta a 1989, mahaifinta Bayarabe ne, mahaifiyarta kuma 'yar ƙabilar Ibo, ta kuma ci gasar Peak Talent Show a 2009 tana da kimanin shekara 20. Wanda ya dubi matsayinta na yau zai iya zaton daga wannan dare komai ya buɗe mata, amma ba haka aka yi ba. Sai a 2012 ta shiga kamfanin Effyzzie Music Group, sai a ƙarshen 2013 waƙarta "Johnny" ta fito, wadda ita ce ta kai sunanta ƙasashen Afirka, kundin waƙoƙinta na farko kuwa bai fito ba sai a watan Oktoba na 2014, wato shekara 5 bayan cin gasar.

Ka lissafa shekaru, ba watanni ba

Wannan jinkiri bai taƙaita ga ita kaɗai ba. Timi Dakolo ya ci gasar Idols West Africa a 2007, kundinsa na farko ya fito a 2011. Mercy Chinwo ta ci Nigerian Idol a 2012, nata kundin na farko ya fito a 2018. Iyanya ya ci zangon farko na Project Fame West Africa a 2008, bai kuma sami waƙar da ta mamaye ƙasa ba sai wajen 2012. Idan aka jera waɗannan, za a ga cewa tazarar da ke tsakanin kambu da tsayuwa da ƙafa a kasuwar waƙa takan kai shekara 4 zuwa 6, ko ga waɗanda Allah ya nufa da ɗaukaka. To abu na farko da ya kamata ka yi, tun ba ka taɓa kuɗin kyautar ba, shi ne ka ɗauke su a matsayin jarin da zai riƙe ka tsawon waɗannan shekaru.

Ma'anar haka a aikace ita ce ka ware abin da za ka ci ka biya haya, ka ware abin da za ka kashe a situdiyo da ɗaukar bidiyo, sannan ka ajiye wani kaso a inda hannunka ba zai kai gare shi da sauƙi ba. 'Yan uwa da abokai za su zo, domin sun gani a talabijin an miƙa maka ƙaton cek, kuma ba laifi ba ne ka yi musu alheri, amma ka yanke adadin tun farko ka tsaya a kansa. Idan an ba ka mota, ka yi lissafin man da za ta sha da gyaran da za ta nema, ka gwada shi da abin da kuɗinta zai yi maka a situdiyo, kada kunyar abin da mutane za su ce ta sa ka riƙe abin da ya fi ƙarfinka. Idan kana karatu ko kana da aikin albashi kada ka yi gaggawar ajiye shi. Yemi Alade ta yi digirinta a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Legas, bai kuma hana ta zama abin da ta zama ba.

Takardun da ka sa wa hannu

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne mafi yawan masu hazaƙa suke rasa shekarunsu. Galibi mai shiga irin wannan gasa yakan sa hannu a wata takarda tun kafin a fara nuna shi, lokacin da ba shi da wani ƙarfin ciniki, kuma sau da yawa a cikin takardar nan ake ɗaure shi da kamfanin da zai fitar da waƙoƙinsa ko wanda zai riƙa kula da harkokinsa idan ya yi nasara. Ka nemi kwafinta, ka kai wa lauyan da ya san harkar nishaɗi, wanda kai ne ka ɗauke shi kuma kai ne za ka biya shi. Lauyan da kamfani ya kawo, komai kirkinsa, aikin kamfani yake yi. Phillip Phillips, wanda ya ci American Idol a 2012, sai da ya shigar da ƙorafi a jihar Kalifoniya a farkon 2015 yana neman a raba shi da yarjejeniyoyin da suka ɗaure shi da kamfanin da ke bayan shirin. Idan hakan ta faru a Amurka, inda lauyoyin wannan fanni suke da yawa, babu dalilin da zai sa mawaƙi a Legas ko Kano ya ɗauka shi ya tsira.

Tambaya ta farko da za ka yi wa lauyan ita ce tsawon wa'adin, da kuma yadda ake ƙirga shi. Yarjejeniyar da aka ƙirga da shekaru tana da ranar ƙarewa, amma wadda aka ƙirga da yawan kundin waƙoƙi, musamman idan kamfani ne ke da ikon sabunta ta shi kaɗai, tana iya jan mutum fiye da yadda ya zata. Kelly Clarkson, wadda ta fara cin American Idol a 2002, ta zauna da kamfanin RCA da gasar ta haɗa ta da shi har zuwa 2016 kafin ta koma kamfanin Atlantic, duk da saɓanin da ya fito fili tsakaninta da shugabannin kamfanin a 2007 kan irin waƙoƙin da take so ta fitar. Tare da wa'adin, ka nemi a rubuta cewa wajibi ne kamfani ya fitar da waƙarka cikin wani ƙayyadadden lokaci, idan kuma bai yi ba kana da damar tafiya. In babu wannan sharaɗi, ana iya ajiye ka shekaru, ba a fitar da kai ba, ba a kuma sake ka ba.

Tambaya ta biyu ta shafi kuɗin da ake ba mawaƙi a farkon yarjejeniya. Yawancin matasa sukan ɗauke shi kyauta, alhali kafin alƙalami ne da kamfani zai cire daga kasonka kafin ka ga ko kwabo na ribar waƙoƙinka, kuma sau da yawa ana haɗa shi da kuɗin situdiyo, da na bidiyo, da na talla, wani lokaci har da hayar gida da motar da aka ba ka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka gara ka karɓi kaɗan ka san iyakar bashin da ke kanka. Ka nemi a rubuta maka damar ganin lissafi a kai a kai, da damar kawo akawunka ya duba littattafansu. Ka kuma bincika ko kamfanin zai ɗauki kaso daga kuɗin wasanninka da tallace-tallacen da za ka yi wa kamfanoni, domin akwai irin yarjejeniyar da ke cin kowace kafa ta samun mawaƙi, kuma a Najeriya, inda wasa da talla suka fi sayar da waƙa kawo kuɗi ga mawaƙa da yawa, wannan sharaɗi ne mai nauyi ƙwarai.

Sai batun mallaka. Kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu: haƙƙin waƙar kanta, wato baitukanta da karinta, wanda na wanda ya tsara ta ne, da haƙƙin naɗin da aka yi a situdiyo, wanda 'yan harkar ke kira masta, kuma galibi wanda ya biya kuɗin naɗin ne ke riƙe shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙar da aka tsara har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗin sauti kuma shekara 50, ta kuma ce miƙa wa wani haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan yana nufin abin da ka sa wa hannu kana ɗan shekara 22 zai iya shafar 'ya'yanka da jikokinka. Idan dole ne kamfani ya riƙe masta, ka nemi ya dawo hannunka bayan wasu shekaru, haƙƙin baituka da kari kuwa ka yi iya ƙoƙarinka ya zauna a wurinka. Duk ranar da kuka gama waƙa da furodusa ko wani marubuci, ku rubuta kason kowa a takarda ku sa hannu kafin ku bar situdiyo, tun ana dariya da juna, domin rigimar kaso ba ta tasowa sai waƙa ta yi kasuwa. Bayan haka ka yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, kamar MCSN a Najeriya, ko BNDA a Nijar, ko GHAMRO a Gana.

Kada ka manta da sunanka. Mawaƙin da aka sani da Kiss Daniel sai da ya sauya rubutun sunansa zuwa Kizz Daniel a 2018 a lokacin shari'arsa da tsohon kamfaninsa. Shi ba gasa ce ta fito da shi ba, amma darasin ya shafi kowa: ka yi wa sunan da kake waƙa da shi rajista a matsayin alamar kasuwancinka, ka kuma tabbatar babu wani layi a yarjejeniyar da ya mallaka wa kamfani shi.

Neman waƙar da za a san ka da ita

Gasa tana auna iya rera waƙoƙin wasu. Mako bayan mako ana ba ka waƙar da jama'a suka riga suka sani suka kuma so, alƙalai suna duba ƙarfin muryarka da yadda kake hawa da sauka, kuma wanda ya fi burgewa shi ke ɗaukar kambu. Kasuwa ba ta tambayar wannan. Abin da take nema shi ne waƙar da mutum zai ji a shagon aski ko a wajen biki ya san ta wane ce tun ba a faɗa masa ba. Iyanya ya fito daga Project Fame da muryar waƙoƙin soyayya masu sanyi irin na Amurka, ya fitar da kundinsa na farko a 2009 a kan wannan salo, bai kuma yi wani tasiri a kasuwa ba. Sai da ya koma ga kiɗan rawa, ya ɗauko rawar Etighi ta mutanensa na Kalaba ya gina waƙarsa "Kukere" a kanta, sannan aka sake jin sunansa a ko'ina. Ita ma Yemi Alade ba tsawon numfashi ko ƙarfin murya ne ya ɗaga "Johnny" ba. Labari ne mai ban dariya na saurayi mayaudari, da harshen titi da kowa ke ji, a kan kiɗan da furodusa Selebobo ya haɗa, da bidiyon da aka shirya kamar gajeren wasan kwaikwayo.

Wasu suna ganin irin wannan sauyi kamar mawaƙi ya watsar da baiwarsa ne don neman kuɗi, amma ni ban ga haka ba, domin dukkansu biyu sun matso ne kusa da gida. Kuma ba dole ba ne hanyar ta zama kiɗan rawa. Timi Dakolo ya tsaya a kan waƙoƙinsa masu nutsuwa har ya zama mawaƙin da ake nema a manyan bukukuwan aure da tarukan ƙasa, Mercy Chinwo kuma ta sami wurinta a waƙoƙin coci. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya gano mutanen da yake yi wa waƙa, ya daina ƙoƙarin burge alƙalan da suka riga suka tashi daga kujerunsu.

Hanyar gano wannan ita ce yawan aiki. Ka riƙa rubuta waƙa kullum ko ba ka jin daɗin abin da ke fitowa, ka gwada furodusoshi da dama har ka sami wanda ya fahimci muryarka, sannan ka daɗe tare da shi. Ka riƙa rera sababbin waƙoƙinka a ƙananan taruka kana lura da inda mutane suka fara amshi da inda suka koma duba waya. Duk da haka, kada jiran waƙar da ta cika goma ya sa ka yi shiru. Ka fitar da wani abu a cikin watannin farko bayan gasar, lokacin da gidajen rediyo ke son hira da kai kyauta, ka kuma shirya wa zuciyarka cewa mai yiwuwa ba za ta yi kasuwa ba. Yemi Alade ta fitar da waƙoƙi kafin "Johnny" waɗanda kaɗan ne ke tuna su a yau, amma su ne suka sa ba a manta da ita ba a tsakanin masu harkar.

Idan waƙa ta kama, ka duba inda ta kama, ka bi ta can. Da Yemi Alade ta ga karɓuwarta a ƙasashen da ke magana da Faransanci, sai ta sake rera "Johnny" da Faransanci, daga baya kuma ta yi wa mutanen gabashin Afirka waƙa da Suwahili. Wannan ne ya sa ta zama mawaƙiyar nahiya: ta ci kyautar gwarzuwar mawaƙiya ta MTV ta Afirka a 2015 da 2016, Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiya a 2020, ta kuma yi waƙa a bikin buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka a Abijan a watan Janairun 2024. Mawaƙin Hausa yana da wata dama a nan da ba kowa ke da ita ba, domin ba tare da ya sauya harshe ba yana da masu sauraro a Maraɗi da Damagaram da Yamai, da zangunan Kumasi da Akra, har zuwa Kamaru da Chadi da Sudan. Sai dai wanda zai yi aiki a Kano ya san cewa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar tana yi wa mawaƙa rajista tana kuma sa ido a kan abin da suke fitarwa, don haka ya daidaita takardunsa da ita tun da wuri.

Jama'a, ma'aikata da murya

Tun ana cikin gasar ya kamata ka fara jawo masu kallo zuwa shafukanka na Instagram da TikTok da YouTube, kuma lambobin sirrin waɗannan shafuka su kasance a hannunka, da adireshin imel ɗinka aka buɗe su. YouTube yana fara raba kuɗin talla da mai tasha idan ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, abin da zakaran gasa zai iya samu da wuri idan bai bari zafin ya huce ba. Idan ba ka da kamfani, masu rarraba waƙa ta intanet irin su DistroKid da TuneCore za su kai waƙarka Spotify da Apple Music da Boomplay da Audiomack a kan kuɗi kaɗan.

Manaja nagari yakan karɓi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da ka samu, kuma ya cancanci hakan idan yana da hanyoyin da kai ba ka da su. Ɗan uwa yana iya zama manaja, amma zumunci kaɗai ba hujja ba ce, kuma korar yaya ko ƙane daga aiki ta fi korar bare wahala. Ka guji tara 'yan amshin Shata a kusa da kai, ka riƙe aƙalla mutum ɗaya da zai iya ce maka waƙar nan ba ta yi ba. Kowane wasa a rubuta sharuɗɗansa, a biya wani kaso kafin ranar, a cika sauran kafin ka hau dandamali. Abokan da ka kayar a gasa kuwa ka riƙe su da mutunci, domin kambu ba ya nuna wanda zai yi nisa: Omawumi ita ce ta zo ta biyu bayan Timi Dakolo a 2007, Chike ya zo na biyu a The Voice Nigeria a 2016, Jennifer Hudson kuwa a matsayi na 7 aka cire ta daga American Idol a 2004, ta zo ta ci kyautar fina-finai ta Oscar a 2007.

Muryar ita ce jarin da ba a sayen wani idan ya lalace. Ka ɗumama ta kafin waƙa, ka yawaita shan ruwa, ka rufe hanci da baki a lokacin ƙurar hunturu, ka nisanci hayaƙin taba da shisha, ka kuma rage surutu da ƙarfi bayan wasa. Dishewar da ta wuce mako 2 zuwa 3 ba ta shayi da zuma ba ce, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce.

Yana yiwuwa bayan duk wannan kamfanin ya sallame ka, kamar yadda ya faru da Steve Brookstein, wanda ya fara cin gasar X Factor ta Birtaniya a 2004 ya kuma rabu da kamfaninsa tun ba a cika shekara ba. Idan haka ta same ka, kada ka tafi da maganar baki. Ka karɓi takardar sallama da ta bayyana ranar da yarjejeniyar ta ƙare, da ko akwai sauran bashi a kanka, da ko an hana ka sake naɗar tsofaffin waƙoƙinka na wani lokaci. Ka nemi a ba ka waƙoƙin da aka naɗa ba a fitar ba, ko a faɗa maka kuɗin da za ka fanshe su, sannan ka tabbatar an mayar maka da ikon shafukanka da tashoshinka kafin lauyanka ya bari ka sa hannu a takardar ƙarshe.